Fadar Prag da Majami'ar St. Vitus: Ka Hau da Taram, Ka Sauko da Ƙafa

Fadar Prag, babban birnin ƙasar Cek, ta cancanci rabin yini cur, amma daɗin ziyarar ya dogara ga ƙofar da mutum ya shiga ta. Tana bisa tudu ne a hagun kogin Vltava, an kafa ta wajajen shekarar 880, kuma har yau ofishin shugaban ƙasa na cikinta. Masu ziyara da yawa kan sauka a tashar Malostranská su kama tsohuwar matakala zuwa sama, su isa a gajiye tun ba su ga komai ba. Abin da ya fi shi ne a shiga taram, wato ƙaramin jirgin ƙasa mai bin titunan gari, mai lamba 22, a sauka a tashar Pražský hrad, a ƙetara gadar arewa zuwa tsakar gida ta biyu. Daga nan duk tafiyar gangara ce.

Harabar a buɗe take kyauta daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare. Gine-ginen ne ake biya, suna buɗewa ƙarfe 9, su rufe ƙarfe 5 daga Afrilu zuwa Oktoba, ƙarfe 4 a lokacin sanyi. Tikiti guda ya haɗa wurare huɗu: majami'ar St. Vitus, tsohuwar fadar sarakuna, cocin St. George da Layin Zinariya. Yana aiki kwana biyu, sai dai kowane wuri sau ɗaya ake shiga, don haka kada a fita da niyyar dawowa. Ranar Lahadi ba a buɗe majami'ar ga masu yawon buɗe ido sai tsakar rana saboda masu ibada.

Majami'ar ce zuciyar wurin, kuma da ita ya kamata a fara da ƙarfe 9 kafin ayarin masu jagora su cika ƙofa. An aza tubalinta a 1344, ba a kammala ba sai 1929, kusan shekara 600 ke nan. Mai lura zai ga bambancin: ɓangaren gabas aikin magina Matthias na Arras ne da Peter Parler a ƙarni na 14, gaban ginin da hasumiyoyinsa biyu kuwa na baya-bayan nan ne. A hannun hagu akwai tagar gilashi mai launi da Alfons Mucha ya zana, shuɗi da ja da ruwan ɗorawa sun cakuɗe kamar an rina hasken rana. Can gaba kabarin St. John na Nepomuk ne, na azurfa, daga 1736. Ɗakin St. Wenceslas daga bakin ƙofa ake leƙa shi, bangonsa manne da duwatsu masu daraja, kuma a kusurwarsa ƙofar ɗakin kambin sarauta take, mai makullai bakwai a hannun mutum bakwai. Matsalar ita ce hanyar cikin ɗaya ce, ana bin ta a jere, idan an yi cunkoso ba ka samun tsayawa ka ƙare wa abu kallo.

Hasumiyar kudu ta majami'ar tikitinta daban ne. Matakala 287 ce mai murɗawa, ƙuntatacciya, masu hawa da masu sauka duk ita suke bi, babu lif. Mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya haƙura da ita. Wanda ya iya, zai wuce ta gefen ƙararrawar Zikmund ta 1549, mafi girma a ƙasar, sannan ya ga jajayen rufin birnin da gadar Charles shimfiɗe a ƙasa.

Tsohuwar fada ba ta da kayan ƙawa sosai, wasu har sukan raina ta, alhali zauren Vladislav na wajajen 1500 abin tsayawa ne. Faɗinsa ya kai a yi wasan dawaki a ciki, shi ya sa aka yi masa matakala mai faɗin taki da mahaya ke hawa bisa doki. A ɗakin da ke gefe akwai tagar da aka jefo wakilan sarki biyu da magatakardansu a 1618, abin da ya kunna Yaƙin Shekara Talatin a Turai. Cocin St. George, da aka kafa wajajen 920, minti goma ya ishe shi.

Layin Zinariya shi ne mafi rauni a tikitin. Ƙananan gidajen masu gadin fada ne na da, masu launi iri-iri, amma da yawa sun koma shagunan tsaraba, lungun kuma matsattse ne, da rana ko motsi da wuya. A bar shi na ƙarshe, domin mafitarsa kusa da ƙofar gabas take, inda matakala ke sauka kai tsaye zuwa Malostranská.

Canjin dogarai da busa da tuta ana yin sa ƙarfe 12 a tsakar gida ta farko. Sai an je minti 20 kafin lokacin sannan a sami wurin gani. Ƙasan harabar duwatsu ne jere, suna santsi in an yi ruwa, takalmi mai tsini ba zai yi ba. Kuɗin ƙasar koruna ne, ba yuro ba, kuma abinci a cikin harabar ya fi na ƙasan tudun tsada.