Rediyon Alƙur'ani mai memori: ta yi wa Hajiya rana, sai dai a duba ruwaya kafin a biya

'Yar ƙaramar aba ce, tafin hannu ya ishe ta, da memori a ciki da 'yar takarda mai lambobin surori 114. Masu kayan waya a Farm Centre da Sabon Gari duk suna da ita kala-kala, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Mahaifiyarmu na saya wa, bayan yanar ido ta hana ta duba Mus'hafi, ita da ba ta karya kumallo sai ta yi izunta biyu. Da karatun ya gagara sai barci ma ya ƙaurace mata. Tsakar dare ka ji tana juyi, tana lissafin ƙawayenta na Yakasai da suka riga mu gidan gaskiya.

Abin da mai shago ba zai faɗa maka ba shi ne ruwaya, wato irin salon karatun da ke ciki, Hafsu ne ko Warshu. Yawancin memorin da Hafsu ake cika su, irin karatun Sudais. Tsofaffinmu kuwa da Warshu suka tashi a makarantar allo. Ina kunna Fatiha, aka zo "Maliki" mai karatu ya ja, Hajiya ta ɗaga kai ta ce, "Kai, wannan ba irin namu ba ne." Ta san daidai ne, amma bakinta ba ya bin sa, suna tafiya tare sai su rabu a hanya. Sai da na koma aka zuba mini karatun Shehu Husari na Warshu, mai karatu a tsanake, aka haɗa da tafsirin marigayi Malam Isa Waziri, wanda ta saba ji a rediyo da azumi.

Daga nan ne abin ya zauna. Bayan Asuba tana bin mai karatu aya-aya da carbi a hannu, in ya rigaye ta sai ta ce wa jika ya mayar. Bayan Isha'i Tabaraka, kafin a kai ƙarshe sau da yawa ta yi barci. Maƙwabciyarta, ita ma gyatuma, ta fara leƙowa da hantsi su ji tafsiri tare, su yi gardama a kan abin da Malam ya ce, su ɓare goro. A ganina wannan zaman bai gaza rediyon amfani ba, don kaɗaici na cin tsoho ƙwarai. Allah Ya faɗa a Suratur Ra'adi, aya ta 28, cewa da ambatonsa zukata ke natsuwa, kuma mun gani a fuskarta.

Inda na ɓata da mai shagon shi ne da ya nuna mini wata lamba ya ce ruƙiyya ce, wai a kunna kullum, hawan jini zai tafi ko ba ƙwaya. Na ce masa, "Malam, ka ji tsoron Allah." Hawan jini ba ya sallama, mutum yana jin garau awonsa ya haura 140/90, sai dai a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Manzon Allah (SAW) da kansa ya ce a nemi magani. Hajiya tana jin ruƙiyyarta, tana shan ƙwayarta ta hawan jini, amlodipine, kowace safiya, ranar asibiti kuma ba fashi.

Aibin rediyon a jikinta yake. Madannan ƙanana ne, mai raunin gani ba zai gane su ba, sai da muka ɗiga jan farce a kan na kunnawa. In an ƙure sauti tana ƙara kamar tsohuwar lasifikar masallacin unguwa. Batirin yana kai wuni, amma ramin cajin sakwa-sakwa yake, namu har ya fara motsi. A sa wani babba ya riƙa jona ta, kada a bar wa jikoki.