Batirin lithium na sola, abin da na gani

Jama'a masu tambaya a kan batirin lithium nau'in LiFePO4 ɗin nan mai 48V 100Ah, ni dai shi nake amfani da shi yanzu kuma wallahi ya fi mini batirin tubula mai ruwa nesa ba kusa ba, babu zuba ruwan batir, babu warin asid ɗin nan a ɗaki, firiza da fanka suna kwana a kai idan an ɗauke wuta har asuba bai yi ƙasa sosai ba.

Sinadarin cikinsa lithium ne da ƙarfe da fosfet, tawagar John Goodenough a jami'ar Texas ce ta fito da shi wajen 1997, Goodenough ɗin yana cikin waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019. Da farko wuta ba ta ratsa shi da kyau sai da aka riƙa lulluɓe ƙwayoyin da siririn kabon sannan ya yi aiki. Baya saurin kamawa da wuta, wannan ne ya kwantar min da hankali saboda yara.

Akwai sensa a ciki mai auna zafi, lokacin bazara da ɗakin ya ɗau zafi batirin da kansa ya yanke caji, na matsar da shi wajen iska shikenan. Tsada kam akwai ta, kuma ku tabbatar inbatarku tana karɓar lithium kafin ku biya.