Ariston Nuos Evo mai lita 110: hitar da ke zuƙo zafi daga iska

Wannan hita ta kamfanin Ariston na Italiya aikinta irin na firji ne, amma a juye. Fanka tana jawo iskar ɗaki, gas ɗin ciki ya kwashe zafinta, kwamfuresa ta matse shi, zafin ya shiga ruwan tanki. Iskar da ke fitowa ta wancan ɓangaren mai sanyi ce, busasshiya.

Ribarta a kuɗin wuta take. Kafin a ɗaga lita 110 daga digiri 20 zuwa 55, hitar gargajiya za ta cinye wajen yunit huɗu da rabi. Wannan kuwa ba ta kai yunit biyu ba. Kwamfuresarta wat 250 ko kusa da haka take ja, don haka ƙaramar inbata da sola suna ɗaukarta cikin sauƙi. Amma fa akwai ƙarfen ɗumama ruwa na wat 1,200 a cikinta. Mai inbata ya bar ta a tsarin da ba ya kunna ƙarfen, in ba haka ba batir zai zube kafin asuba.

Ba ta da sauri. Tankin da ya huce gaba ɗaya sai ya ɗauki sa'o'i shida zuwa takwas. Gidan da mutum bakwai ke wanka a jere da sanyin hunturu, na ƙarshe zai ji a jikinsa. Dabarar ita ce a bar ta ta yi aikinta da rana, lokacin da iska ke da ɗumi kuma sola ke kawo wuta.

Wurin kafawa shi ne inda aka fi yin kuskure. Idan aka cusa ta a ƙaramin banɗaki aka rufe ƙofa, sai ta dinga zuƙar iskar da ita kanta ta sanyaya, aikin ya mutu. Ko dai ɗaki mai faɗi, ko a ja mata bututun iska zuwa waje. Bangon ya zama na bulo mai ƙwari, domin in ta cika ruwa nauyinta ya haura kilo 150. A haɗa tiyon da ke zubar da raɓar da take tarawa, kada ta jiƙa bango, kuma kada a toshe bawul ɗin rage matsi don an ga yana ɗiga. Aikinsa ke nan. In an kawo ta a kwance, a tsayar da ita 'yan sa'o'i kafin a kunna, man kwamfuresa ya koma mazauninsa.

A Kano ko Zinder, ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gabanta. Tana liƙewa a siraran faifan da iska ke ratsawa, fanka na juyi amma ruwa ba ya zafi. A riƙa gogewa da burushi mai laushi. Ruwan burtsatse mai gishiri yana cinye sandar magnisiyam da ke kare tanki daga tsatsa, a duba ta duk shekara. Sitabilaiza kuwa dole ce, allon lantarkinta ba ya jure wutar da ke hawa da sauka.

Kada a yi mata kallon hitar wurin ninƙaya. Ruwa lita dubu 40 yana buƙatar sama da yunit 46 na zafi kafin ya ƙaru da digiri ɗaya tak. Wannan sai na'ura ta daban mai bututun taitaniyam da ke jure kulorin, tare da murfin rufe ruwan da dare.

Ta fi hitar gargajiya tsada nesa ba kusa ba. Ga gida a Jos ko Mambila da ke buƙatar ruwan zafi kullum, ta cancanci kuɗinta. Wanda sai Disamba da Janairu yake kunna hita, kuɗinsa zai daɗe bai dawo ba.