Fim ɗin leƙen asiri mai ban dariya: wanne ya dace a tura wa yara?

A shagunan tura finafinai na Gusau, in ka ce a ba ka mai ban dariya don yara, sau da yawa hoton fim kawai mai shago zai duba. Ya ga jarumi cikin kwat yana murmushi, sai ya zuba maka a memori. Amma a wannan rukunin akwai wanda yaro ɗan shekara bakwai zai kalla lafiya lau, akwai kuma wanda babba ma sai ya kau da kai.

Abin dubawa na farko shi ne alamar shekaru. A tsarin Amurka, PG na nufin a kalla da kulawar iyaye. PG-13, da aka ɓullo da ita a 1984, gargaɗi ce kan 'yan ƙasa da shekara 13, R kuwa ta manya ce. Hukumar tace finafinai ta Najeriya tana amfani da lambobi irin su 12, 15 da 18. Matsalar ita ce wanda aka yi wa fassarar Hausa galibi ba ya zuwa da alamar, sai ka nemi sunansa na asali a intanet.

A cikin masu PG, Spy Kids na 2001 na fi natsuwa da shi: yara biyu ne suka tashi ceto iyayensu, ba jini, sai wasu halittu masu muni da kan firgita ƙanana. The Spy Next Door na 2010, inda Jackie Chan ke renon yara uku na maƙwabciyarsa, faɗansa na tsalle-tsalle ne. Johnny English na 2003 shi ma PG ne, sai dai da wargin ban-ɗaki da na tuɓe wa mutum wando a bainar jama'a, abin da ba kowane gida zai lamunta ba.

Kingsman na farko da Spy na 2015 duka R ne, kada sunan barkwanci ya ruɗe ka. A Kingsman akwai kisan gilla mai tsawo cikin coci, Spy kuwa cike yake da ashar.

Akwai kuma abin da masu sanya alamar ba su lissafa da shi ba. Yaron da ya taso daga ƙauye saboda 'yan bindiga, ko yake jin manya suna zancen garkuwa da mutane kullum, ba ya jin ƙarar harbi a matsayin wasa. Wurin da aka sace iyaye ko aka ɗora wa yaro bindiga yana iya hana shi barci, ko da sauran suna dariya. Irin wannan yaron, ko Spy Kids ɗin ma gara uwa ko uba su fara kallonsa bayan sallar isha'i, su san inda za su tsallake kafin a kunna wa yara.