Samba ko NFS: wanne ya fi sauƙin kama abin da ke cinye furosesa?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka, ka ce sabarku ta raba fayil mai Linux da Samba (manhajar da ke raba wa kwamfutocin Windows fayil) furosesarta na kaiwa kusan 100% da rana, folda sai a yi ta jira kafin ta buɗe, kuma wani ya ce ka koma NFS, wato hanyar raba fayil da aka saba da ita tsakanin Linux da Linux, ka huta. Don Allah kar ka taɓa komai tukuna, abin da ke damunka yana iya binka har can, kuma a can ya fi wuyar kamawa.

Da farko ma ka tabbatar furosesar ce. Ka buɗe top, umarnin da ke nuna abin da ke cin furosesa, ka duba layukan sama, idan lambar da ke gefen wa (lokacin jiran diski) ce ta hau to diski ne ke jan ƙafa, furosesa zaune take tana jira, iostat -x zai nuna maka. Linux na haɗa masu jiran diski cikin lissafin nauyin saba, shi ya sa lambar ke tayar wa mutane hankali. Wannan kam ko Samba ko NFS duk ɗaya ne.

To a Samba kowace kwamfuta da ta shigo ana buɗe mata smbd, wato shirin Samba da ke yi mata hidima, nata ita kaɗai da lambarsa, wannan ba ƙaramin gata ba ne. Ka ga wanda ya hau kan top, ka ɗauki lambar, ka buga smbstatus, nan take za ka ga sunan mai shi da adireshin kwamfutarsa da fayilolin da ya riƙe. Na taɓa kwana biyu ina zargin saba, ashe kwamfuta guda ce antibairos ɗinta ke bin foldar kowa fayil bayan fayil ta netwok, ina kashe masa wannan binciken fankar sabar ta yi shiru ina tsaye a wurin.

In kuwa smbd da yawa ne suka tashi tare, abu biyu nake fara zargi. Na farko, Windows ba ruwanta da babban baƙi ko ƙarami a sunan fayil, Linux kuwa tana bambantawa, saboda haka duk sanda aka nemi sunan da bai dace daidai ba, ko za a ajiye sabon fayil, sai Samba ta karance foldar kaf tana gwadawa, ka ɗauka folda ɗaya an jibga mata takardun sikan dubbai kuma ana ƙara wasu kullum, ai dole ta jigata. Ana magance shi da sa case sensitive = yes a smb.conf, fayil ɗin saitin Samba, ga wannan foldar kaɗai, amma sai sunayen sun zama salo ɗaya, in ba haka ba wasu manhajoji za su ce ba su ga fayil ba. Ni raba foldar gida-gida ya fi kwanta min a rai. Na biyu sa hannu (hatimin da ke tabbatar ba a taɓa saƙo a hanya ba) da rufe bayanai. Tun SMB 3.0 (SMB shi ne yaren da Samba ke magana da Windows) a 2012 ake iya rufe bayanai da tsarin AES, kuma Windows 11 24H2, ban da ta Home, ta zo da saitin da ya mayar da sa hannu dole. Ka duba /proc/cpuinfo ko akwai aes a ciki, in babu to furosesar da ƙarfin tsiya take lissafin. Ka leƙa log level (yawan rahoton da Samba ke rubutawa) a smb.conf ma, wani lokaci wani ne ya ɗaga shi ya manta.

NFS fa? Gaskiya ta fi sauƙin nauyi saboda a cikin kanel, wato zuciyar Linux, take aiki, amma top zai nuna maka nfsd ne kawai, wato masu aikin NFS, 'yan kaɗan in ba ka ƙara ba, suna yi wa kowa hidima a haɗe, ba za ka ce wannan na wane ne ba. Sai ka koma nfsstat -s ka ga wane irin kira ya yi yawa, in getattr ne ya cika to galibi wani ya haɗa foldar da noac ko actimeo=0, kwamfutarsa na tambayar saba halin fayil ba ƙaƙƙautawa, kuma kafin ka san ko waye sai ka saurari ƙofa 2049, wadda NFS ke bi, da tcpdump. Rufe bayanan NFS da krb5p shi ma yana cin nasa rabon furosesar.

Idan masu amfani da sabar nan Windows ce a gabansu ka zauna a Samba, don abin haɗa NFS na cikin Windows a siga ta 2 da ta 3 ya tsaya, ga wahalar daidaita izini. NFS sai tsakanin Linux da Linux. Gobe in abin ya tashi ka ɗauko top da smbstatus a minti guda, ka goge sunayen mutane ka turo mu duba tare.