7 ga Afrilu 30 ko 3 ga Afrilu 33: wace Juma'a aka gicciye Yesu?

Ɗan'uwa, ka ce a wani littafi ka ga an rubuta ranar 7 ga Afrilu, shekara ta 30 aka gicciye Yesu, wani mai wa'azi kuma ya ce 3 ga Afrilu, shekara ta 33. Kana tambaya wa za ka bi, kuma ina suka samo waɗannan ranaku tunda bisharu huɗu ba su faɗi shekara ba. Dukansu ba da ka suka yi magana ba. Hanya ɗaya suka biyo, sai daf da ƙarshe suka rabu.

Abin da kowa ya amince da shi uku ne. Ranar Juma'a ce, jajibirin Asabar. Lokacin Idin Ƙetarewa ne. Bilatus ne gwamnan Yahudiya, shi kuwa daga shekara ta 26 zuwa 36 ya yi mulki. Saura a bi shekarun nan ɗaya bayan ɗaya a ga wacce idin ya faɗa ranar Juma'a. A nan kalandar Yahudawa ta shigo.

Watansu na sama ne, kuma a zamanin Yesu da ido ake ganinsa, kamar yadda ake duban watan azumi a nan ƙasar. Kwana 29 ne in an gani, 30 in ba a gani ba. Mishna, littafin da ya tattara al'adun malamansu wajen shekara ta 200, ta bayyana yadda ake yi: shaidu su zo Urushalima, a shigo da su ɗaya-ɗaya ana tambaya, ta arewa da rana ka gan shi ko ta kudu, ina tsayinsa a sama, ina ya karkata, ina kaurinsa? In bakin biyu ya zo ɗaya, shugaban majalisa ya ce wata ya tsaya, a hura wuta a kan Dutsen Zaitun, na dutsen gaba su gani su hura tasu, har labari ya kai nesa. Ranarsu da faɗuwar rana take farawa. Ran 14 ga watan Nisan da la'asar ake yanka 'yan ragunan idi a Haikali, a ci su da dare, wato an riga an shiga 15. Yusufus, marubucin tarihinsu, ya ce daga sa'a ta tara zuwa ta goma sha ɗaya ake yankan, wajen ƙarfe 3 zuwa 5 ke nan.

Masana taurari suna iya komawa baya su lissafa daren da jinjirin wata zai ganu a Urushalima a kowace shekara. Da aka tace shekarun Bilatus, 14 ga Nisan ya faɗa Juma'a a 30 da 33. Shekara ta 27 da ta 34 ma sukan shigo zance, amma 27 ta yi wuri, 34 kuwa sai in an ƙara wata a shekarar. Isaac Newton 34 ya zaɓa, yau kaɗan ne ke bin sa. Ranakun nan duk da tsohon lissafin Romawa ake faɗarsu, na Yuliyus Kaisar, ba kalandar da ke rataye a ɗakinka ba.

Akwai wani ƙulli. Yohanna, marubucin bishara, ya ce da asubar Juma'a shugabannin Yahudawa sun ƙi shiga fadar Bilatus don kada su ƙazantu su kasa cin idi (18:28), wato ba a ci ba tukuna, ranar 14 ce. Markus kuwa (14:12) ya nuna jibin da Yesu ya ci da almajiransa daren Alhamis shi ne na idin, wato Juma'a 15 ce. Ranar 3 ga Afrilu 33 da lissafin Yohanna kaɗai ta dace. Ranar 7 ga Afrilu 30 ita ma ta fi dacewa da Yohanna, amma in an ce wasu masu kaifin ido sun ga watan kwana ɗaya da wuri, za ta iya zama 15. Wannan ɗan sassauci na 30 ne.

Inda rigimar take da gaske shi ne Luka 3:1, da ya ce Yohanna Mai Baftisma ya fara wa'azi a shekara ta 15 ta sarautar Kaisar Tibariyas. Augustas ya rasu ran 19 ga Agusta shekara ta 14, Tibariyas ya gaje shi. Ƙirga 15 daga nan, ka faɗa tsakanin Agustan 28 da Agustan 29. Bisharar Yohanna ta ambaci Idin Ƙetarewa uku a cikin hidimar Yesu (2:13, 6:4, 11:55). In Mai Baftisma ya fara a ƙarshen 28 ko cikin 29, ya tara jama'a, sannan Yesu ya zo, ina za ka cusa idi uku kafin Afrilun 30? Ba wuri. Masu 33 su ko a jikinsu, har suna da rarar shekara. Masu 30 amsa biyu suke bayarwa. Ta farko, wai Luka ya fara ƙirga tun lokacin da Augustas ya haɗa Tibariyas da shi a mulkin larduna, wajen shekara ta 12 ko 13. Wannan ba ta gamsar da ni ba, domin Takitus, marubucin tarihin Romawa, da Yusufus daga 14 suke ƙirga masa. Ta biyu ta fi ƙarfi: a lissafin Suriya sabuwar shekara a Oktoba take kamawa, don haka 'yan makonnin farko na sarautar shekara guda ake ɗaukarsu, ta 15 ta fara a Oktoban 27. Da haka idi uku su zama 28, 29, 30. Ya shiga, amma da ƙyar, ko allura ba ta samun wuri.

Yohanna 2:20 ya fi yi wa masu 30 daɗi. Shekara 46 ana ginin Haikali, Sarki Hirudus kuma ya fara aikin a shekara ta 20 ko 19 kafin haihuwar Almasihu, sai ka sauka a 27 ko 28, daidai idin farko a tsarinsu. Masu 33 sukan ce daga gama ainihin ɗakin Haikalin ake ƙirga, wanda ya ci shekara ɗaya da rabi, sai a sauka a 29 ko 30.

Bulus ma ya fi sakewa da 30. Wani rubutu a jikin dutse a Delfi ya nuna Galiyo, wanda aka kai Bulus gabansa a Koranti, ya yi gwamna wajen 51 zuwa 52. Taron Urushalima, inda Bulus ya gana da sauran manzanni, ya riga wannan, wajen 48 ko 49. A wasiƙarsa ga Galatiyawa, yana ba da labarin zuwansa Urushalima bayan tubansa, Bulus ya ambaci shekara 3, sannan 14. In ka haɗa su 17 ka cire, tubansa ya koma 31 ko 32, ya riga gicciyen 33, abin da ba zai yiwu ba. Dole masu 33 su ce ukun suna cikin 14 ɗin.

Batun husufi shi ne ya fi yawo a bakin mutane. A 1983 wasu masana kimiyya, Colin Humphreys da Graeme Waddington, suka nuna an yi husufin wata ran 3 ga Afrilu 33, watan ya fito a Urushalima wajen ƙarfe 6:20 na yamma wani ɓangarensa a rufe, suka haɗa da maganar Bitrus a Ayyukan Manzanni 2:20 cewa wata zai zama jini. Husufin gaskiya ne. Amma a 1990 masanin taurari Bradley Schaefer ya ce kafin watan ya ɗago yadda ido zai rarrabe, abin ya kusa wucewa. Ni ba na jingina a kansa. Duhun tsakar rana kuma ba husufin rana ba ne, domin ba a yin sa wata na cike.

Ka tambayi wa za ka bi. Ni 33 na fi karkata, saboda Luka 3:1 kawai. Mutumin da ya jera sunan Kaisar da gwamna da sarakuna uku da manyan firistoci biyu yana so mai karatu ya gane shekarar ba tare da dabara ba. Amma kada ka rantse a kan kwanan watan. Majalisa ce ke yanke shawarar ƙara wata na 13 in sha'ir bai nuna ba ko 'yan raguna ba su yi ƙwari ba, tsayayyen lissafin da Yahudawa ke bi yau kuwa ga wani shugabansu, Hillel na biyu, ake danganta shi, wajen shekara ta 359. Hadari na dare ɗaya ya isa ya ture idi da kwana guda, kwamfuta kuma ba ta san ko an yi hadari ba.

Zancen cewa Yesu yana da shekara 33 ya rasu, da 30 kaɗai zai iya fita, da 33 bai fita ba. An haife shi Hirudus na da rai, Hirudus kuwa a shekara ta 4 kafin miladiyya ya mutu bisa lissafin yawancin masana. In ka sa haihuwar a ta 5, shekarunsa 33 ko 34 ne a 30, 36 ko 37 a 33.