Ofishin Shawarar Shari'a Kyauta na Jami'a: Abin da Ya Yi wa Ƙanena da Abin da Ya Kasa

Ƙanena yana aji uku a wata jami'ar gwamnatin tarayya lokacin da mai tsaron jarrabawa ya tarar da waya a aljihunsa, a kashe, jim kaɗan bayan an raba takardun tambayoyi. Nan take aka miƙa masa fom aka ce ya rubuta bayani, ya rubuta layi biyu hannunsa yana rawa, ya sa hannu. Bayan mako shida takardar gayyata ta iso daga kwamitin binciken maguɗin jarrabawa, saura kwana huɗu a zauna, kuma babu abin da ta ƙunsa sai ranar zama da lambar ɗaki. Lauya mai zaman kansa da na fara tuntuɓa ya yanka mini kuɗin da aljihuna bai kai ba, shi ya sa muka nufi ofishin ba da shawarar shari'a kyauta da ke tsangayar koyon aikin lauya ta jami'ar, wanda ɗalibai suke kira kilinik.

Irin waɗannan ofisoshi sun yaɗu a jami'o'in Nijeriya ne bayan kafa NULAI, ƙungiyar cibiyoyin ba da taimakon shari'a na jami'o'i, a 2003, kuma tsarinsu shi ne ɗaliban shari'a na manyan azuzuwa su karɓi koke, malami wanda yake lauya ne ya duba aikinsu. Wanda muka je ɗaki ɗaya ne mai tebura biyu da kabad ɗin fayiloli, fankar sama ba ta juyawa. Ba a karɓi ko sisin kwabo a hannunmu ba, sai dai mun biya kuɗin kwafin takardu a shagon da ke ƙasan bene.

Abin da ya fara burge ni shi ne ɗalibar da ta karɓe mu ba ta tambayi ƙanena ko ya yi ko bai yi ba. Ta nemi takardar gayyatar, ta nemi littafin dokokin ɗalibai da aka ba shi ranar rajista, wanda bai taɓa buɗewa ba tun daga ranar, sannan ta nuna masa da yatsa cewa littafin ya raba laifin shiga da waya ɗakin jarrabawa da laifin amfani da ita, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. A nan duk maganar take. Layi biyun da ya rubuta a fom sun ce an kama shi da waya, ba su ce a kashe take ba, ba su ce mai tsaron ya kunna ta a gaban mutane bai ga komai na darasin ba. Da a ce ya shiga gaban kwamitin da wannan bayani kaɗai, da ya amsa laifin da ya fi wanda ya aikata ba tare da ya sani ba.

Washegari muka ga malamin da ke kula da ofishin. Ya yi mana bayani a tsanake cewa sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi kafin a yanke masa hukunci, kuma kotuna sun daɗe suna ɗora wannan ƙa'ida a kan kwamitocin jami'a: a gaya wa ɗalibi ainihin abin da ake tuhumarsa da shi, a ba shi lokacin shiri, ya ji shaidar da aka bayar a kansa, kada wanda ya kawo ƙara ya zauna cikin masu hukunci. Ya kawo mana shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, inda Kotun Ƙoli a 1986 ta soke korar ɗaliban da aka zarga da tarzomar 1983, saboda laifuffuka irin su ƙone-ƙone da sata na kotu ne, kuma mataimakin shugaban jami'ar da ya jagoranci binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. Na ɗan ji ƙarfin gwiwa, na ce, "Barista, ke nan mu wuce kotu kawai?" Ya girgiza kai ya ce, "Malam, kada ka yi gaggawa." Ya bayyana cewa ita dai Kotun Ƙolin ta amince a shari'ar Esiaga da Jami'ar Kalaba a 2004 cewa jami'a tana iya dakatar da ɗalibi yayin da ake bincike, sannan a shari'ar Jami'ar Ilori da Oluwadare a 2006 ɗalibin da ya garzaya kotu kafin majalisar gudanarwar jami'a ta yanke hukunci a kan ɗaukaka ƙararsa ya tashi a tutar babu. Na yaba da wannan gaskiyar, domin mai neman kuɗinmu zai iya gaya mana shari'ar farko ya ɓoye biyun.

Sun taya shi rubuta sabon bayani na shafi ɗaya, da wasiƙa zuwa ga magatakardan jami'a yana neman a ba shi tuhumar a rubuce da kwafin rahoton mai tsaron jarrabawa. Sun ce ya yi kwafi biyu, ya tsaya sai an buga hatimin karɓa a kan nasa. Sun kuma sa shi ya nemo ɗalibai biyu da suka zauna kusa da shi a ranar.

Sai dai ofishin yana da iyakar da ya kamata kowa ya sani kafin ya dogara da shi. Malamin ma'aikacin jami'ar ne, kuma ya faɗa mana ƙarara cewa ba zai raka ƙanena gaban kwamitin ba, ba zai kuma shigar da ƙara a kan wurin da yake karɓar albashi ba. Idan abu ya kai ga kotu sai mu nemi lauyan waje. Ban ga laifinsa ba, amma da an rubuta wannan a ƙofar ofishin da ba mu kwana biyu muna zaton mun samu mai tsaya mana ba. Haka kuma ofishin yana bin kalandar karatu, alhali takardun gayyata sukan fito ne a lokacin hutu ko dab da shi. Da muka koma don rubuta ɗaukaka ƙara mun tarar da kwaɗo a ƙofa har sau biyu, wayar ofishin ba ta shiga, ɗalibar da ta san fayil ɗinmu kuma ta tafi gida. Wanda ya gaje ta sai da ya sa muka maimaita labarin daga farko, a ɗakin da wasu mutum uku suke zaune suna ji, abin da bai dace da maganar da ta shafi mutuncin ɗalibi ba.

Kwamitin ya same shi da laifin shiga da waya, aka dakatar da shi zango ɗaya aka soke sakamakon wannan darasin, ba a kore shi ba. Rahoton mai tsaron da ya nema bai zo hannunsa ba har aka gama zama, an dai karanta masa shi a ɗakin. Ɗaukaka ƙarar da muka rubuta da kanmu, muna kwaikwayon salon wasiƙar farko, ba ta canza hukuncin ba, kuma ya koma aji a zangon da ya biyo baya.